Tambayoyi da amsoshi kan katin girafis: wa ya riƙe kasuwar, kuma me yasa yake mana wuyar samu

Ina da ɗan shagon kwamfuta a wani gari a yankin Ringim, bakin tasha, aikina editin bidiyon biki da suna da walimar saukar karatu, sai buga katin gayyata da yi wa yara rajista ta intanet. Ranar kasuwa bencin ƙofar shagon baya zama babu mutane, kuma tunda samari suka fara sha'awar haɗa sistem nasu na editin ko na gem tambayoyin da ake min kusan iri ɗaya ne kullum, shine nace bari in tattara su waje guda in amsa iya abinda na tabbatar.

Malam, wai shi katin girafis ɗin nan menene, ba dashi kwamfuta take zuwa ba?

Kowace kwamfuta tana da abinda yake zana hoto a fuskarta, amma iri biyu ne. Akwai wanda yake haɗe a cikin furosesa, shine a yawancin laftof ɗin da muke siya, yana isa taifin da kallo da ƙananan ayyuka. Sai wanda yake zaman kansa, allo ne guda da fankokinsa da memorinsa, ana soka shi a jikin madabod, wato babban allon dake cikin kwamfuta. Shi furosesa kamar ƙwararren ma'aikaci ɗaya ne da ya iya komai, katin girafis kuwa gayya ce, dubban ƙananan ma'aikata kowa ya kama kunyarsa a tashi gona lokaci ɗaya. Bidiyon bikin awa biyu da laftof zai wuni yana renda, wato fidda shi bayan editin, har batir ya mutu, kati mai kyau kafin ka dawo daga sallar la'asar ya gama.

Su waye suke ƙera shi? Ni ina ganin Asus da MSI da Zotac a jikin kwali

Kamfani uku ne kawai suke tsara cip ɗin dake tsakiyar katin, Nvidia da AMD da Intel, dukkansu kuma a gari ɗaya hedikwatarsu take, Santa Clara ta jihar Kalifoniya a Amurka. Su Asus, MSI, Gigabyte, Zotac, Palit siyan cip ɗin suke su ɗora a allonsu su sa fanka su sa sunansu. Sapphire da PowerColor da XFX ɓangaren AMD suke yi. Akwai EVGA da aka san shi sosai da katin Nvidia, a watan Satumba na 2022 ya sanar ya bar sana'ar katin gaba ɗaya.

Nvidia an kafa shi a 1993, shugabansa Jensen Huang tun daga ranar farko har yau. AMD ya girme shi, tun 1969 yake, amma furosesa ya fi sani, ya shigo wannan harkar da ƙarfi ne a 2006 da ya siye wani kamfanin Kanada mai suna ATI akan kusan dala biliyan 5.4, daga nan ya gaji sunan Radeon. Lisa Su ke jan ragamarsa tun 2014, kuma abinda yake ba mutane mamaki in na faɗa, ita da Jensen Huang dangi ne na nesa, duk a Taiwan aka haife su. Intel ya shigo da katinsa mai suna Arc a 2022. A da can masu yin cip ɗin sun fi haka yawa, akwai 3dfx da yayi tashe sosai, ƙarshen shekarar 2000 Nvidia ya siye kayansa labarinsa ya ƙare.

To wa yafi riƙe kasuwa yanzu?

In ana maganar kati mai zaman kansa na desktof, Nvidia ne kuma ba kusa ba. Kamfanin Jon Peddie Research dake ƙirga wannan duk bayan wata uku ya bashi kashi 88 cikin 100 a farkon 2024, a farkon 2025 ya kai kashi 92, AMD yana da 8, na Intel ko kashi 1 bai cika ba. Kaga a cikin kati goma da suka fito daga masana'anta, tara na mutum ɗaya ne.

Amma ka riƙe abu biyu. Na farko ƙirgen nan na abinda aka tura wa dillalai ne a wannan wata ukun, ba na abinda yake hannun mutane ba, saboda haka in kamfani ya rage fitar da kaya yana shirin sabon samfuri sai kaga kasonsa ya faɗi, in sabon ya fito ya ɗan farfaɗo. Na biyu in aka haɗa da wanda yake cikin furosesa to Intel ne akan gaba saboda yawan laftof na ofis da makarantu. Sannan PlayStation 5 da Xbox duk cip ɗin AMD ne a cikinsu, Nintendo Switch ne yake ɗauke da na Nvidia. Yaran dake biyan kuɗi su buga ƙwallo a gidan gem na bayan kasuwa, AMD suke murzawa basu sani ba.

Kenan na AMD bashi da kyau tunda ba'a siya?

A'a ƙanena, nan ne mutane suke kuskure. Yawan kaso a kasuwa daban, ingancin kaya daban. A gem zalla AMD yakan baka ƙarfi daidai da na Nvidia akan kuɗi ƙasa, sau da yawa ma da memori mafi yawa. RX 9070 XT da ya fito a Maris 2025 akan dala 599 da memori 16GB masu gwaji sun yabe shi sosai, ranar farko ya ƙare a shaguna da dama.

Abinda ya ba Nvidia tazara ya daɗe da shuka shi. Tun wajen 2006 ya fito da CUDA, hanyar da masu rubuta manhaja zasu sa katin yayi lissafi ba zanen hoto kawai ba, jami'o'i suka koya a kai, manhajojin zane da na editin da na ƙirƙirarriyar basira wato AI suka ginu a kai, yau in kace wa mai wannan aikin ya koma wani kati kamar kace wa maƙerin da ya shekara ashirin da uwar maƙera ɗaya ya canza ne. A 2018 kuma ya kawo jerin RTX da DLSS dake sa gem yayi gudu ba tare da hoton ya lalace sosai ba, AMD ya biyo da FSR amma a baya yake tafe. Sai kuma sabo. Mai shago abinda zai fita da wuri yake sarowa, mai siye abinda yaji sunansa yake tambaya, mai gyara wanda ya saba buɗewa yake yabawa, abu yana ta zagayawa. Ko a nan garin yaro zai zo yace min "Oga akwai GTX?" yana nufin katin girafis kowane iri.

Tunda abin yana fita haka, me zai hana su ƙera da yawa kowa ya samu?

Wannan itace tambayar da nafi so a yi min, domin nan gaskiyar maganar take. Nvidia da AMD basu da masana'antar buga cip tasu. Zane suke yi su kai wa wani ya buga musu, kuma wanda yafi kowa iya buga na zamani a duniya shine TSMC na Taiwan, wanda Morris Chang ya kafa a 1987. Nvidia can yake kaiwa, AMD can, Apple can, har Intel da yake da masana'antunsa cip ɗin Arc a TSMC ake buga masa. Ka tuna lokacin kaka in injin casar shinkafa ɗaya ne mai kyau a yankin, kowa ya jibge buhunansa yana jiran layi, kuma mai manyan buhuna da ya biya tun kafin girbi shi ake fara yi wa. Gina sabuwar masana'anta irin wannan shekaru yake ci da dala biliyan goma da ɗoriya, injinan da suke zana mafi ƙanƙantar layi a jikin cip ɗin kuma kamfani ɗaya ne tal yake yinsu, ASML na ƙasar Holan. Memorin dake jikin katin shima hannu uku ne suka riƙe shi, Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu da Micron na Amurka.

Toh yanzu ka ɗauki kanka manomi ne mai gona kadada biyu, ba'a ƙara maka ko taku ɗaya. In riɗi ko zoɓo yana ba da ninkin abinda gero yake bayarwa me zaka shuka? Mu nan Jigawa mun ga yadda gonaki suka koma riɗi da idonmu. Cip ana yanko shi ne daga wani faifai mai faɗin milimita 300, kowane kamfani yana da adadin faifan da aka ware masa. Daga irin faifan nan Nvidia zai iya fidda cip na RTX 4090 da aka sa wa dala 1,599, ko ya fidda H100 na AI da aka riƙa siyarwa sama da dala dubu 25, kuma girmansu bai yi wani nisa da juna ba. AMD shima haka, furosesan manyan kwamfutocin kamfanoni ya fi masa riba akan katin gem. Shi yasa nake cewa kason kasuwa ba labarin wanda mutane suka fi so bane kawai, labarin yadda kowane kamfani ya raba gonarsa ne.

Yaya, me ya faru a 2021 da aka ce katin ya ɓace kamar taki a tsakiyar damina?

Abu uku ne suka haɗu. Korona ta zaunar da mutane a gida kowa yana neman kwamfuta, masana'antu da jiragen ruwa suka samu tsaiko, sai kirifto ya tashi. Lokacin ana haƙar Ethereum da katin girafis, masu mainin suna siye ɗari ɗari su jera a ɗaki suna aiki dare da rana. RTX 3060 ya fito a Fabrairu 2021 da farashin dala 329 amma a kasuwa sai ka ninka kafin ka samu. Nvidia ya fito da wasu katuna da ya rage wa ƙarfin haƙa da gangan, ana ce musu LHR, masu mainin suka yi ta neman hanyar kewaye su. An taɓa yin irin wannan a 2017 zuwa 2018, lokacin RX 580 na AMD ne ya sha wahala.

Ranar 15 ga Satumba 2022 Ethereum ya canza tsari ya daina buƙatar haƙa da kati, sai tsofaffin katunan nan suka kwararo kasuwar na hannu. Da yawa daga cikin waɗanda ake kawo mana da sunan tokumbo daga wannan ambaliyar suke.

To yanzu kirifto ya lafa, me yasa har yanzu da tsada?

Wata biyu da rabi bayan wancan, ƙarshen Nuwamba 2022, ChatGPT ya fito, manyan kamfanoni suka shiga rububin cip na AI. Ka duba lissafin Nvidia na shekarar kuɗinsa da ta ƙare a Janairu 2025, ya samu dala biliyan 130.5, daga ciki sama da biliyan 115 daga manyan cibiyoyin kwamfuta ne, ɓangaren gem biliyan 11 da ɗoriya. Kamfanin da 'yan gem suka yi rainonsa tun yana ƙarami yanzu basu kai kashi ɗaya cikin goma na cinikinsa ba. Darajarsa ta haura dala tiriliyan 1 a 2023, ta kai tiriliyan 4 a Yuli 2025. Babban katinsa na gem RTX 5090 da ya fito a Janairu 2025 dala 1,999 aka sa masa. Ga kuma siyasa, tun Oktoba 2022 gwamnatin Amurka ta fara hana kai manyan cip ƙasar Sin, har sai da Nvidia ya yi wa can wani RTX 4090 D da aka ɗan rage wa ƙarfi.

Namu kuma ya ninka nasu. Kafin Yuni 2023 dala a farashin gwamnati wajen naira 460 take, zuwa Fabrairu 2024 ta wuce 1,500. Katin da Ba'amurke yake ƙorafi an ƙara masa dala hamsin, mu kafin ya sauka Legas, ya shiga Computer Village ta Ikeja, ya hau mota zuwa Kano, dillali ya sa nasa, kai kuma ka biya kuɗin mota daga ƙauye kaje birni ka ɗauko, ya zama kuɗin ɗan bijimi. Wlh akwai yaron da yake da hannu a editin fiye da ni, ya shekara yana tara kuɗin ƙwadago da na 'yar akuyarsa, duk sanda ya kusa sai farashin ya ƙara gaba, abin yana min ciwo har yanzu.

Shi Intel fa, akwai fata?

Ina masa fata sosai. Katunansa na farko a 2022 sun zo da matsalar diraiba, wato manhajar dake sarrafa katin, musamman a tsofaffin gem, sun gyara da yawa daga baya. Arc B580 na Disamba 2024 dala 249 da memori 12GB, a wannan kuɗin ya girgiza sauran, sai dai bai wadata ba. Amma kafin ka siya ka duba madabod ɗinka yana da wani saiti da ake kira Resizable BAR, in tsohon sistem ne irin na ofis da muke siya na hannu to katin bazai nuna ƙarfinsa ba. A Satumba 2025 kuma Nvidia ya sanar zai zuba dala biliyan 5 a Intel suyi wasu kayan tare, ni dai wannan labarin bai min daɗi ba, na fi son su zauna a matsayin kishiyoyi.

Alhaji ne yake tambaya, wai mu ina ruwanmu da wanda yayi nasara a cikinsu?

Ranka ya daɗe da ruwanmu. Kai ka fi ni sanin kasuwar hatsi, ranar da dillali ɗaya ne ya shigo da mota ƙauye shi yake yanka farashi, ranar da uku suka zo manomi yake ɗaga kai. Duk sanda AMD ya fito da abu mai ƙarfi ana ganin Nvidia ya sassauta, a Yuli 2019 da RX 5700 zai fito kwanaki kaɗan kafin nan Nvidia ya fitar da jerin Super, AMD kuma ya rage nasa farashin tun kafin ya shiga shago, mai siye ne ya ci riba. In babu mai matsa wa na gaba lamba sai ya riƙa ba ƙananan katuna memori 8GB shekara da shekaru, kuma ƙananan nan sune bayan shekara huɗu ko biyar suke isowa hannunmu. Abinda suka ƙera yau a can shi 'ya'yanmu zasu tarar a Farm Centre ko titin Beirut na Kano gobe.

Ni da sola nake aiki, wanne ya dace dani?

Ka fara da lissafin wuta kafin lissafin suna. RTX 5090 shi kaɗai wat 575 yake ja, RTX 4090 wat 450, waɗannan ba namu bane ko da kyauta aka baka sai ka sake inbata da batura. RX 580 yana da arha a kasuwar na hannu kuma 8GB ɗinsa yana jan hankali amma wat 185 ne, ga zafi. RTX 3060 wat 170, mai 12GB ɗin yana da daɗin editin. RX 6600 wat 132, RTX 4060 wat 115, GTX 1650 kuwa wat 75 ne, da yawansu ko wayar wuta ta daban basa buƙata, daga madabod suke sha. Ni irin na ƙarshen nan na daɗe ina aiki dashi a shago da faranti huɗu na sola da batir biyu, bikin da aka ɗauka da waya ko ƙaramar kyamara yana fidda shi lafiya, sai dai ina yin renda da rana tsaka lokacin da rana take bugun faranti, bana bari sai dare.

In editin ne sana'arka gaskiya zan ce ka karkata wajen Nvidia, saboda NVENC dake cikinsa yana saurin fidda bidiyo kuma Premiere da DaVinci Resolve sun saba dashi. In gem ne kawai ka duba AMD da kyau. Kuma kar ka sa kati mai tsada akan fawa fak na banza, shine yake fara ƙonewa ya tafi da sauran.

Zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu su suke kashe kati a nan fiye da aiki. Duk sati biyu ina buɗe sistem ɗin in hure shi da bulowa, in riƙe fankar da yatsa kar ta juya da ƙarfi, abinda yake fita daga tsakanin ƙarafunan nan kamar audugar katifa ja. Kar ka ajiye shi a ƙasa, ka ɗora akan tebur nesa da ƙofa.

In zan siyi na hannu me zan duba?

Kar ka biya sai an soka shi a gabanka. Na taɓa siyan wani a birni, mai shagon ya rantse min daga ofis aka ciro shi, na dawo gida kwana tara fuskar kwamfuta ta fara fidda ɗigo ɗigo kore da layuka ina tsakiyar aikin bikin mutane, da na kwance shi naga bayan allon ya dafe yayi ruwan ƙasa wajen memori, man dake kan cip ɗin ya bushe kamar busasshen tuwo, alamar ya shekara yana mainin ba hutu. Da na koma yace shi bai san zancen ba.

Saboda haka kaje da filashi mai ɗauke da manhajojin GPU-Z da FurMark. GPU-Z zai nuna maka ainihin cip ɗin, domin akwai na jabu, an sha kama tsohon GTS 450 da aka canza wa suna yana nuna kansa a matsayin GTX 1050 Ti. FurMark kuma ka barshi yayi minti ashirin kana kallon zafin, kana sauraron fankoki ko akwai mai gurnani ko mai tsayawa. Ka duba kusoshin baya ko an taɓa kwancewa, ka shinshina wajen soket ɗin wuta ko akwai ƙauri, ka gwada kowace kafar HDMI. Sannan ku rubuta a takarda kwana nawa ya baka na gwaji, ko sati ɗaya ne, ya sa hannu ya rubuta lambar dake jikin katin.

In jira farashi ya sauka ko in siya yanzu?

In aiki yana jiranka, akwai bukukuwa bayan girbi kuma kana mayar da mutane saboda sistem ɗinka baya ja, ka siyi ƙarami mai lafiya yanzu ya fara biyan kansa. In sha'awa ce ta gem zaka iya jira, lokacin da sabon jeri ya fito a can waje masu tsohon suna sakinsa, bayan 'yan watanni sai kaga na hannu ya ɗan yi sauƙi a Kano in dala bata motsa ba. Kafin ka hau mota ka kira mutum biyu ko uku a kasuwar su turo maka hoton katin gaba da baya da farashi ta WhatsApp, kuma ka ɗauki lambar fawa fak ɗinka da tsawon cikin akwatin sistem ɗin a takarda, don akwai katin da zaka kawo gida ya ƙi shiga.